Damuwa Raunin Imani Ce? Mu Tambayi Littattafanmu Kafin Mu Yanke Hukunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu. Mutum ya ce barci ya ƙaurace wa idonsa, abinci ba ya yi masa daɗi, ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ba ya son ganin kowa. Sai a ce masa: "Kai dai ka koma ga Allah, imaninka ne ya yi rauni." Galibi mai faɗar haka alheri yake nufi. Amma tambayar da nake so mu tsaya a kanta yau ita ce: wannan hukuncin gaskiya ne? Idan kuwa ba gaskiya ba ne, wa zai ɗauki alhakin abin da yake haifarwa?

Mu mutanen Daura mun ga inda maganar take kaiwa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a cikin garin nan, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Makonni kaɗan kafin nan an yi irin haka a Rigasa ta Kaduna, bayan haka kuma aka yi a Katsina. Duniya ta yi ta magana, aka rufe gidajen, ƙura ta lafa. Sai dai abin da ya cika gidajen nan da mutane har yanzu yana nan a cikin kawunanmu. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, domin sun yi imani cewa duk wanda halinsa ko hankalinsa ya sauya to taurin kai ne, ko aljani, ko rashin tsoron Allah. Wanda ya ɗauki ciwo a matsayin laifi, horo zai nema masa, ba zai nemi magani ba.

To bari mu koma kan shiryayyen littattafanmu, waɗanda muka gada, mu ji ko haka suka ce.

ABU UKU DA MUKE HAƊAWA A TUKUNYA ƊAYA

Idan ka bi maganganun malamai a natse za ka ga sun raba abu uku da mu yau muke kira da suna ɗaya.

Na farko shi ne ciwon zuciya na addini: hassada, girman kai, riya, son duniya, munafunci. Wannan shi ne wanda Imamu Gazali ya yi wa dogon bayani a kashi na uku na Ihya'u, inda ya tattaro halaye masu halakarwa. Shi ne kuma Ibnul Ƙayyim ya rubuta Adda'u wad Dawa'u a kansa. Wannan ciwon yana da alaƙa da imani kai tsaye, maganinsa tuba ne da mujahada.

Na biyu shi ne baƙin cikin da yake zuwa da dalili: rasuwa, karayar jari, mutuwar aure, rashin haihuwa, bashi. Wannan ɗabi'ar ɗan'adam ce, annabawa ma ba su tsira daga gare shi ba. Duba suratu Yusuf aya ta 84, inda Allah Ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS) da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Duba suratu Maryam aya ta 23, inda zafin naƙuda da tunanin abin da mutane za su ce ya sa Nana Maryam ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa zuciya tana baƙin ciki. Yanzu don Allah, a cikin waɗannan wa za ka ce wa imaninsa ya yi rauni?

Na uku shi ne ciwon da tushensa yake cikin jiki, amma yake bayyana a tunani da hali. Mutum ba a yi masa mutuwa ba, bai yi asara ba, yana sallarsa yana azkar ɗinsa, amma duhu ya sauko masa ya ƙi tafiya. Ko ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Ko mace ta haihu lafiya, tana cikin jego sai ta daina barci, ta fara maganar da ba ta da kan gado, ta ji tana tsoron jaririnta. Wannan ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga. Ƙwaƙwalwa tsoka ce a cikin jiki, Allah bai yi mata alkawarin ba za ta yi ciwo ba.

Kada wani ya ce wannan rabon daga Turawa na ɗauko shi. Ga mai shi.

LITTAFIN DA YA KAMATA KOWANE LIMAMI YA SANI

Abu Zaidil Balkhi malami ne daga yankin Balkh, a ƙasar Afganistan ta yau, almajirin Alkindi ne, ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, wato 934 Miladiyya. Ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, ma'ana abin da yake gyara jiki da rai. Ya raba shi gida biyu: rabi a kan lafiyar jiki, rabi a kan lafiyar rai. Ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun duƙufa a kan jiki sun bar rai, alhali su biyun a sarƙe suke, ciwon ɗaya yana taɓa ɗayan.

A rabi na biyu ya yi magana a kan fushi, da tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi. Da ya zo kan baƙin ciki sai ya raba shi: akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wannan ana maganinsa da nasiha da gyaran tunani. Akwai kuma wanda yake faɗo wa mutum babu wani dalili da zai iya nunawa, ya hana shi walwala da kuzari. Balkhi ya ce wannan daga jiki yake, dole a haɗa da maganin jiki. Shekara fiye da dubu ke nan da rubuta wannan, jama'a.

Akwai wata shawara tasa da nake so ƙwarai. Ya ce mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, ya ajiye su a zuciyarsa, kamar yadda mai hankali yake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma lura cewa mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani fiye da daga kansa, saboda wanda damuwa ta rufe ba ya gani sosai, don haka yana buƙatar mai ba shi shawara daga waje. Abin da masana halayyar ɗan'adam suke yi a yau ke nan idan suka zauna da mara lafiya suna warware masa tunaninsa zare-zare.

An samu rubutun hannu na littafin a ɗakin karatu na Ayasofiya da ke Istambul. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Sudan da ya rasu a 2021, ya fassara ɓangaren rai zuwa Turanci aka buga a 2013 da sunan Sustenance of the Soul. Ɗan ƙarami ne, ana samun na Larabcin da na Turancin a intanet. Duk ɗalibin ilimin da mutane suke kawo wa kukansu, ina roƙon sa ya nemi wannan littafi.

SAURAN LITTATTAFAN, DA WANDA KOWANNE YA DACE DA SHI

Littafi ma kamar magani yake, kowanne da ciwon da yake yi wa aiki. Ga kaɗan daga waɗanda nake ba mutane shawara a kansu.

1. Al'akhlaƙu was Siyar na Ibnu Hazm, wanda aka fi sani da Mudawatun Nufus. Ibnu Hazm mutumin Andalus ne, ya rasu a 456 bayan Hijira. Ya ga mulki ya ga kurkuku, ya ga an ƙona littattafansa. A farkon littafin ya ce ya yi bincike a kan wace manufa ce dukkan mutane suka haɗu a kanta, sai ya ga ita ce korar damuwa: mai neman kuɗi, mai neman suna, mai neman ilimi, kowa damuwa yake gudu. Sannan ya nuna cewa duk hanyoyin nan suna haifar da wata sabuwar damuwar, in ban da aiki don Allah. Wannan ya dace da matashin da gasar duniya da kallon rayuwar mutane a Facebook da TikTok suka hana shi sakat.

2. Alwasa'ilul Mufida lil Hayatis Sa'ida na Shaikh Abdurrahman Assa'adi, mai tafsirin nan, wanda ya rasu a 1376 bayan Hijira. Shafuka kaɗan ne, a zama ɗaya za ka gama. Yana magana a kan tattara hankali ga aikin yau, da shagaltar da kai da sana'a ko ilimi mai amfani, da kyautata wa mutane, da ƙaddara mafi munin abin da zai iya faruwa sannan a shirya masa. Ya dace da mai yawan fargabar gobe.

3. Uddatus Sabirina na Ibnul Ƙayyim, ga wanda aka yi wa rasuwa ko ya yi asara. A ciki ya bambance kai kuka ga Allah, wanda ba ya warware haƙuri, da yin ƙorafi a kan hukuncin Allah. Ya kuma nuna cewa mara lafiya ya gaya wa likita abin da yake ji bai saɓa wa haƙuri ba. Mutanenmu da yawa sun ɗauka haƙuri shi ne ka haɗiye komai har ya kashe ka. A'a.

4. Jaddid Hayataka na Shaikh Muhammad Algazali na Masar. Shi da kansa ya faɗa cewa ya karanta littafin Ba'amurken nan Dale Carnegie a kan barin damuwa, sai ya bi darussansa yana nuna asalinsu a Alƙur'ani da Sunna. Darasin da ke nan shi ne babban malami bai ji kunyar amfana da hikima daga wanda ba Musulmi ba.

5. Hisnul Muslim, wanda muke da shi da Hausa da sunan Garkuwar Musulmi. Akwai babin addu'ar damuwa da baƙin ciki, da ta ƙunci, da ta mai firgita cikin barci. Ka lura da wani abu: Anas (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, tare da kasala da nauyin bashi. Abin da ake neman tsari daga gare shi a jere da bashi, ai musiba ce da take samun mumini.

6. Ga masu jin Turanci ko Larabci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani ɗan littafi mai zane-zane a 2020, Doing What Matters in Times of Stress, kyauta ne a shafinta. Yana koyar da dabaru masu sauƙi na numfashi da dawo da hankali lokacin da tunani ya yi wa mutum rubdugu. Na duba shi, babu abin da ya ci karo da addini.

Sai kuma wanda yake hannunmu tun muna yara ba mu lura ba. Ɗan'uwa mai waswasi, wanda yake alwala sau bakwai, yake kabbarar harama sau goma har liman ya yi ruku'u, maganinsa yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid da Ahalari da muka karanta a zaure. Malaman Malikiyya sun ware hukunci na musamman ga wanda shakka ta aure shi, wato take zuwar masa kullum: an ce ya yi watsi da ita, kada ya koma ya sake. Likitocin yau da suke kula da ciwon waswasi a kan wannan ƙa'idar suke tafiya, suna horar da mutum ya jure wa shakkar ba tare da ya maimaita aikin ba, har ƙarfinta ya karye. Kuma a Sahihu Muslim, da sahabbai suka kai kukan munanan tunanin da suke ji a ransu waɗanda suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ka ga nan ciwon da muke cewa raunin imani, an kira ƙin sa alamar imani.

A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne malami ya damu da likitanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido. Magabatanmu ba su ga katanga tsakanin allo da magani ba.

INDA LITTAFI YAKE TSAYAWA

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Duk littattafan nan suna da iyaka. Wanda ciwon damuwa ya yi wa katutu, layi biyu ma ba ya iya karantawa ya riƙe. Ka miƙa masa La Tahzan ka ce ya karanta ya warke, daidai yake da ka miƙa wa mai karaya littafin koyon gudu. In ya kasa sai ya ƙara tsanar kansa, ya ce ashe ni ko maganar Allah ba ta yi mini aiki.

Ga alamomin da in ka gan su, to lokacin asibiti ya yi, tare da addu'a:

Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya kai mako biyu, kusan kullum, har ya taɓa barci da ci da aiki.

Jin muryoyi, ko ganin abin da babu shi, ko zargin cewa kowa yana ƙulla masa sharri.

Kwanaki babu barci amma ga ƙarfi, ga surutu, ga kashe kuɗi babu lissafi.

Mai jego da ta rikice, ko take kuka kullum, ko take gudun jaririnta.

Rikicewa farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya. Wannan yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, kuma sa'o'i kaɗan suna iya raba rai da mutuwa.

Faɗuwa da karkarwa da kumfar baki. Farfaɗiya tana da magani, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu.

Sai babbar cikinsu: mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, gara ya mutu, ko yana sallama da mutane. Kada ka ce wasa yake, kada ka tsaya yi masa wa'azin wuta. Zauna da shi, ka saurare shi, ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Kashe kai haramun ne, babu saɓani. Amma ka tuna da hadisin Ɗufail ɗan Amru a Sahihu Muslim, game da mutumin da ya yi hijira ya kamu da ciwo a Madina ya kasa jurewa ya yi wa kansa rauni ya mutu, Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. In haka Annabin rahama ya yi wa wanda ya riga ya tafi, yaya ya kamata mu yi wa wanda yake raye yana neman a riƙe hannunsa?

Ina za a je? A fara da babban asibitin da ya fi kusa, nan Daura ko Katsina, likita ya duba, domin wani lokaci ƙarancin jini ne ko wani ciwon jiki ya jawo. In ana buƙatar ƙwararru, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a jihar Sakkwato. Kuma a sani: maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, sai da shawarar likita.

TO MALAM, AYOYIN FA?

Na san wani zai ce: Allah Ya faɗa a suratur Ra'adi aya ta 28 cewa da ambatonsa zukata suke natsuwa, Ya kuma faɗa a suratu Ɗaha aya ta 124 cewa wanda ya juya wa ambatonsa baya zai yi rayuwar ƙunci. Haka ne, gaskiya ne babu kokwanto. Saɓo yana kawo ƙunci, zikiri yana kawo natsuwa, duk wanda ya gwada ya sani. Amma ayar ta ce mai juya baya zai shiga ƙunci, ba ta ce duk wanda yake cikin ƙunci mai juya baya ne ba. Wanda ya sha guba cikinsa zai yi ciwo, amma ba duk mai ciwon ciki ne ya sha guba ba. Wannan juyin shi ne kuskuren da muke yi, kuma da shi muke yi wa bayin Allah mummunan zato alhali an hana mu.

Wani kuma zai ce: aljanu fa, da sammu, da kambun baka? Mun yi imani da abin da nassi ya tabbatar, ruƙiyya ta shari'a kuma sunna ce. Amma Ibnul Ƙayyim da kansa, a Zadul Ma'ad, ya ce farfaɗiya iri biyu ce, ɗaya daga cikinsu daga jiki take, ita ce likitoci suke magana a kanta. To kai da aka kawo wa mara lafiya, da wane ma'auni ka gane wannan ba ta jiki ba ce? Ruƙiyya karatu ne da addu'a, ba ta hana shan magani, magani ba ya hana ta. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi (SAW), kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, magana mai daɗi ta samu da albishir na Aljanna da addu'ar kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Nana A'isha (RA) ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Mai cewa aljani yake duka, ya duba bayan wanda aka daka ya ga a fatar wa tabon ya fito.

Akwai hadisin da ya kamata ya hana duk mai karɓar marasa lafiya barci. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Ni liman ne, na karanta Larabci da fiƙihu, wannan bai mai da ni likitan ƙwaƙwalwa ba. Amanar malami ita ce ya san inda iliminsa ya ƙare, ya ce: "Zan yi maka addu'a, zan zauna da kai, amma gobe mu je asibiti."

ADALCI GA IYAYE

Ba zan rufe ido a kan uzurin iyaye ba. Uwar da ɗanta ya faɗa shaye-shaye, yana fasa kaya, yana zare wa ƙannensa wuƙa, ba mugunta ce ta sa ta nemi inda za a tsare shi ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan. A shekarar ne aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200. Mutumin Baure ko Zango ko Sandamu, kafin ya kai Dawanau ya kashe kuɗin mota da na kwana da na magani. Ga rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake a 2023, wanda ya karya jarin 'yan kasuwa da yawa a Mai'aduwa da Kwangwalam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai uzuri yana rage laifi, ba ya mai da mari magani. Kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, suka ce shari'a ta zo don ta tsare. Wanda hankalinsa ya gushe, an ɗauke masa alƙalami. Allah da Ya halicce shi Ya ɗauke masa hisabi, mu kuma mu ɗora masa bulala?

Dokar ƙasa ma ta motsa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki. Sabuwar dokar ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, a kula da shi, a kare shi daga azabtarwa. Amma doka a takarda take, sai mun ɗauke ta mun shigar da ita gidajenmu. Kuma haɗa hannu tsakanin likita da mutanen gari abu ne da aka taɓa gwadawa: a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba da tsarin. Me zai hana limamai da masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na masarautar Daura su zauna su yi irin nasu?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa. Ƙirga sahu ɗaya a masallacinku ka yi lissafi. Suna cikinmu, wani ma shi ne ladan, wata ita ce malamar Islamiyya, sun yi shiru ne don tsoron a ce imaninsu ya yi rauni, ko a ce gidansu akwai hauka a ƙi auren 'ya'yansu.

Nana A'isha (RA), idan aka yi rasuwa a danginta mata suka watse, sai ta sa a dafa talbina, wani kunu na gari da ake sa wa madara ko zuma, ta ce a sha, domin ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki. Bukhari ne ya ruwaito. Dubi wannan fiƙihun: mai baƙin ciki aka ba kunu mai ɗumi. Salmanul Farisi kuma da ya ga Abud Darda'i ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, ya tilasta masa ya ci ya kwanta, ya tuna masa cewa ransa yana da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Barci a kan lokaci, cin abinci, motsa jiki, ajiye waya da dare, zama da mutanen kirki, duk suna cikin haƙƙin da ranka yake bin ka.

Saboda haka ga roƙona. Ɗalibai masu Larabci, ku ɗauki ɓangaren rai na littafin Balkhi da ɗan littafin Assa'adi ku karantar da su da Hausa a majalisanku, ku naɗi murya ku tura wa iyayenmu mata a WhatsApp, domin da yawa ba su karanta boko amma suna saurare. Limamai, mu ware huɗuba a kan wannan, mu san sunan asibitin da za mu tura mutum. Masu hali, kuɗin maganin mai taɓin hankali sadaka ce, kuma in fakiri ne zakka ta halatta gare shi. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, da kuke karanta wannan da nauyi a ƙirji: ciwonku ba shaida ba ce a kan imaninku. Ku riƙe sallah gwargwadon iko, ku riƙe addu'a, ku faɗa wa wanda kuka amince da shi, ku je wurin likita. Wanda Ya saukar da cuta Shi ne Ya saukar da magani, Ya kuma umarce mu da nema.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya sa mu zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Wanda ya san wani da wannan rubutu zai amfana, ya tura masa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.